DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: Tsofaffin Injinan Shara da Makomar Sana'ar Gyara a Gusau da Tsafe da Bungudu

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



GABATARWA

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu yi magana a kan hanyoyin samar wa matasanmu abin yi. Batu ne mai faɗi, wanda in aka ce za a bi shi lungu-lungu sai rana ta faɗi ba a kai rabi ba. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu ɗauki abu guda ƙarami, mu juya shi ciki da bai, mu ga abin da zai koya mana. Abin da muka ɗauka kuwa shi ne tsohon injin shara, wato na'urar nan ta lantarki mai zuƙe ƙura daga kafet da darduma, wadda da yawa daga cikinku mazauna birni kuka saya, ta yi shekara ɗaya ko biyu tana aiki, ta tsaya, aka tura ta bayan ɗaki ko ƙarƙashin matakala tana jiran ranar da mai bola jari zai wuce.

Mun san wasu za su yi murmushi, su ce me ya haɗa mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu da injin shara, alhali tsintsiya ba ta ƙare a kasuwa ba? Amsar ita ce, duk abin da za mu faɗa a kan wannan inji ya shafi fanka da injin markaɗe da keken ɗinki da dutsen guga da rediyo. Maganarmu guda ce: inji da ya tsaya bai zama shara ba tukuna. Kafin a ɗora shi a kan sikeli a sayar da shi da kilo, akwai ilimi a cikinsa, akwai sana'a, akwai kuma tarihi, kuma yaranmu na gida sun fi kowa bukatar waɗannan abubuwa uku.

ASALIN INJIN SHARA

Abin sha'awa shi ne, shi kansa wannan inji daga tarkace aka haife shi. A shekarar 1901 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera wata babbar na'ura mai zuƙe ƙura, wadda saboda girmanta doki ke jan ta. A bakin titi ake ajiye ta, a zura dogon tiyo ta taga zuwa cikin gida. Ba kowa ke iya hayarta ba sai masu hannu da shuni.

Wanda ya kawo ta cikin ɗakin talaka wani mai shara ne a wani babban kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, sunansa James Murray Spangler. Mutum ne mai ciwon fuka, ƙurar kafet tana tayar masa da tari kullum. A shekarar 1907 ya haɗa ƙaramin injin lantarki da fanka da akwatin sabulu da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya fitar da na'urar da mutum ɗaya zai iya turawa. A 1908 ya sami takardar mallakar fasaharsa, amma da yake ba shi da jari sai ya sayar wa William Henry Hoover, wanda a lokacin sana'arsa ita ce kayan fata na dawaki, wato dai baduku ne. Sunan wannan baduku ya bi injin, har yau a Ingila in za a share kafet da shi ake kiran aikin.

Darasin a bayyane yake. Mai shara ne ya ƙago, baduku ya yaɗa, kayan da aka fara da su kuwa duk irin waɗanda ake tsinta a bayan gida ne. Shi ya sa a Amurka tun shekarun 1980 akwai ƙungiyar masu tara tsofaffin injinan shara, suna gyara su suna adanawa, a Ingila kuma wani mutum ya shiga kundin bajinta na Guinness saboda ya tara iri daban-daban fiye da 300. Ba muna kira a yi koyi da su ido rufe ba ne, domin su sun ƙoshi ne suke tarawa don nishaɗi. Mu kuwa bukata ce za ta sa mu tara.

YADDA YAKE AIKI DA ABIN DA KE TSAYAR DA SHI

In aka kwance injin shara za a tarar kayan cikinsa ba su da yawa. Akwai moto, wato zuciyar da ke juyawa, mai naɗin wayar jan ƙarfe. Akwai fanka a jikin moton, wadda ke juyawa sau 20,000 zuwa 30,000 a minti ɗaya a irin injinan da aka saba gani. Ita ce ke tura iska waje, sai iskar ɗaki ta ruga ta cikin tiyo don ta cike gurbin, ta kwaso ƙura tare da ita. Akwai jaka ko mazubi inda dattin ke taruwa, akwai matata mai hana ƙura isa ga moto, sai waya da makunni. Shi ke nan.

Abin da ke tsayar da shi, sau da yawa, bai kai a kira shi lalacewa ba. Na farko, toshewa: tsumma ko leda ko gashi ya maƙale a tiyo, ko matata ta cika. Iskar da injin ke zuƙa ita ce ke sanyaya moton, don haka da zarar hanya ta toshe sai ya yi zafi, wata 'yar na'urar kariya ta yanke wuta, mai shi ya ce ya ƙone. A ƙasarmu mai ƙurar hunturu, matatar da aka yi don ta yi wata shida a Turai ba ta kai haka. Na biyu, waya ta tsinke daga ciki, galibi a gindin filogi ko inda take shiga jikin injin. Na uku, gawayin nan guda biyu da masu gyara ke kira buroshi, masu kai wuta ga sashen da ke juyawa, sun cinye, kamar yadda alli ke cinyewa a jikin allo. Na huɗu, bel ya tsinke ko boris ya bushe. Duk waɗannan yaro mai natsuwa zai koye su cikin 'yan makonni.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata mai sayen na hannu ya sani. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Duk injin da ya fito daga Amurka, in aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, nan take zai ƙone. Sannan tsofaffin injinan Turai suna da cin wuta, wasu har wat 2,000. Tarayyar Turai ta taƙaita su zuwa wat 1,600 a shekarar 2014, ta sake ragewa zuwa 900 a 2017. Ƙaramin janaretan nan na shago ba zai ɗauki mai wat 2,000 ba. Waɗannan lambobi duk suna rubuce a ƙasan injin, karantawa kawai ake bukata.

To, ga inda amfanin yake. Irin moton da ke cikin injin shara shi ne a cikin injin markaɗe na kicin, da injin huda katako, da injin yankan ƙarfe na masu walda, da moton keken ɗinki. Yaron da ya iya canza buroshi da boris a ɗaya ya iya na sauran. Ke nan tsohon injin shara allo ne na koyon karatu, kuma allon da ba a saya ba.

GADONMU NA GYARA

Jama'a, gyara ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a shekarar 1927, ya ratso ta Funtuwa da Tsafe, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Shi ya mayar da Gusau cibiyar tara auduga da gyaɗa, ya jawo kamfanoni da kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka sami matatsar mai, a ƙarshen shekarun 1960 kuma aka buɗe masaƙa ta zamani. A inuwar waɗannan injina ne aka horar da kanikawa da masu walda da masu naɗin waya, waɗanda bayan masaƙar ta tsaya suka watsu cikin gari, kowa ya kafa rumfarsa. Da yawa daga cikin masu gyaran da muke gani a Sabon Gari da Tudun Wada almajiransu ne ko almajiran almajiransu.

Tun kafin haka ma iyayenmu ba su san zubar da abu ba. Gwangwanin madara ya koma aci-balbal. Tsohuwar tayar mota ta koma takalmi, tub ɗinta ya koma guga. Ganga ta koma murhu ko ƙyauren ɗaki. Maƙeri yana sare bayan mota ya fitar da fartanya da galma. Keken Raleigh uba ya hau, ɗa ya gada. Keken ɗinki na Singer ya aurar da 'ya'ya ya kai jikoki makaranta. Injin niƙa na Lister kuwa, a ƙauyukan Bungudu da Kwatarkwashi, sai dai a canza masa zobe da boris a ci gaba. Addininmu ma ya tsawatar a kan almubazzaranci, kamar yadda malamai ke karanta mana a Suratul Isra'i.

Mu da muka yi rayuwarmu a aji mun ga lokacin da wannan gado ya fara sulalewa. A makarantun firamare na da akwai darasin aikin hannu, yaro ya saƙa tabarma, ya tuƙa igiya, ya ɗaure tsintsiya da kansa. Sannu a hankali aka koma yaro ya sayo a kasuwa ya kawo a ba shi maki. Da aka shigo da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a shekarar 1982, an yi niyya mai kyau, aka sayo injinan koyar da sana'a daga ƙasashen waje don ƙananan makarantun sakandare. Sanin kowa ne cewa a makarantu da dama a faɗin ƙasar nan akwatunan sun tsufa ba a buɗe su ba, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san sirrinsu. Abin da wannan ya koya mana shi ne, sabon inji ba tare da gwani ba kaya ne kawai, amma gwani da tsohon inji makaranta ce.

BOLA JARI: ALHERINSA DA SHARRINSA

Yau wanda ya gaji tarkacenmu shi ne mai bola jari, kuma wajibi ne mu yi masa adalci. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje masu yawa, tana tsabtace gari, tana kuma ciyar da kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun da sauransu, inda tireloli ke kai kaya daga Arewa. Wanda ya zaɓi ya tura kura ya sha rana ya fi wanda ya miƙa hannu.

Sai dai sikeli ba shi da ido. Nauyi kawai ya sani. Injin da buroshi kaɗai yake bukata, da wanda ya ƙone ƙurmus, duk kuɗinsu ɗaya a wurinsa. Guduma za a sa a fasa, a zare jan ƙarfe, a ware alminiyam, a watsar da roba. Aikin da injiniyoyi suka yi shekaru suna tsarawa ya koma kilo biyu ko uku. Wannan asara ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. Rukunin ƙananan kayan gida, wanda injin shara ke ciki, shi ya fi kowane yawa. Shi ya sa ƙasashen da suka koya wa duniya saya-ka-yar suka fara dawowa daga rakiyar wannan ɗabi'a. A Amsterdam aka fara zaman gyara kyauta na unguwa a 2009, Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni su rubuta makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki a 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024, kuma injin shara yana cikin kayan da ta ambata. Abin da muke saki, shi suke nema da doka.

Abu na biyu shi ne lafiya. Don a zare jan ƙarfe ana cinna wa waya wuta, hayaƙin robar kuwa guba ne ga huhu. Ana fasa batirin mota da gatari don a ciro dalma, ruwan batirin ya malale a ƙasa inda yara ke wasa. Sababbin injinan shara marasa waya suna da batirin litiyam, wanda in aka huda shi yakan kama da wuta. Mu mutanen Zamfara ba ma bukatar wani ya zo ya gaya mana mene ne gubar dalma. A shekarar 2010 aka gano ta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ta kashe yara kimanin 400, ta bar dubbai da larura, sai a 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Wancan daga dutsen zinari ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje. Amma dalma dalma ce, ko daga dutse ko daga batir, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta bambance su.

Abu na uku shi ne tarbiyya. Rashin tsaro ya koro dubban mutanenmu daga ƙauyuka zuwa Gusau da Tsafe da Bungudu, ba gona ba garke. Duk wanda ya zaga gari da safe zai ga yara ƙanana da buhu a kafaɗa, suna jan mayen ƙarfe a ƙasa suna tsintar ƙusoshi, a daidai lokacin da ya kamata a ce suna aji. Yaron da ya saba duk ƙarfe kuɗi ne, in bai tsinta ba wata rana zai ɓalle. Daga nan ake fara rasa murfin kwalbati da wayar lantarki da kan famfon burtsatse da ƙarafan layin dogo. Irin wannan da matsalar tsaro suka sa Gwamnatin Borno ta hana sana'ar a 2023, a watan Janairun 2025 kuma hukumomin Abuja suka haramta yawon bola jari a cikin birni, suka dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu. Haramci yana kore yaro daga titi, amma ba ya sa masa abin yi a hannu. Wannan aikinmu ne.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Bisa ga abin da ya gabata, muna gabatar wa wannan zaure shawarwari guda bakwai.

1. Kowane reshe na birni ya ware wuri guda, ko garejin wani memba ne, inda za a riƙa tara injinan shara da fankoki da injinan markaɗe da kekunan ɗinki da suka tsaya. A liƙa wa kowanne takarda mai nuna abin da ya same shi da irin wutar da yake sha. A kawo su gida sau biyu a shekara, lokacin ƙaramar Salla da babba, sa'ad da motocinmu ke tahowa.

2. A tantance tun daga can. Abin da ya ruɓe ko ya ƙone ƙurmus a sayar da shi a birni, a turo kuɗin. Ba mu manta da garin Koko na jihar Bendel ta da ba, inda a 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya. Abin da muka ƙi Turawa su yi wa ƙasarmu, kada mu yi wa garinmu. Gida ba juji ba ne.

3. A nemi ɗaki guda a kowane ɗaya daga cikin garuruwan uku, a sa tebur da benci da mita mai auna wuta da sukundireba da filaya. Kada a ɗauko malami daga nesa. Masu gyaran fanka da masu naɗin waya da muke da su su ne malaman, a yanka musu alawus, a kuma girmama su kamar yadda ake girmama malamin aji. Kasuwar Panteka ta Kaduna shaida ce a kan abin da irin waɗannan gwanaye ke iya yi, har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa hannu da su don a ba yaransu takardar shaida. Mu ma muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. A ƙwanƙwasa musu ƙofa.

4. A fara da yaran da ke yawo da buhu, musamman marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira, bisa sharaɗi guda: makaranta da safe, shago da yamma. Wanda bai iya karanta lambar da ke ƙasan inji ba zai ƙona na mutane, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Kada a bar 'ya'ya mata a baya. Injin markaɗe da keken ɗinki a cikin gida suke, mace mai gyara za ta shiga inda namiji ba zai shiga ba. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha a nan Gusau, wadda ta mata ce zalla.

5. Duk abin da ya iso a kasa shi kashi huɗu. Kashi na farko, wanda za a gyara. Na biyu, wanda za a kwance a adana moto da makunni da waya da tiyo don gyaran wasu. Ko moton da gangar jikinsa ta fashe yana iya zama abin hura wuta a maƙera a madadin zugazugi. Na uku, wanda tsufansa ya sa ya zama abin tarihi. Na huɗu, wanda babu sauran amfani, shi ne rabon sikeli. A haka mai bola jari bai rasa cinikinsa ba, sai dai ya koma na ƙarshe a layi maimakon na farko.

6. Injinan da aka gyara a fara da masallatan Juma'a, waɗanda yawancinsu yanzu kafet ne a shimfiɗe. Tsintsiya a kan kafet tayar da ƙura take yi ta sake sauka, a nan kuma muke ɗora goshi da hanci, har da tsofaffi masu fuka. Sau nawa wani bawan Allah ya ba masallaci sabon inji, bayan wata uku aka tura shi sito don matata ta toshe? Saboda haka duk masallacin da aka ba inji a koya wa mai kula da shi yadda ake zazzage jaka da wanke matata. Ragowar a sayar da sauƙi, a rubuta kowane kwabo a littafi, a karanta a wannan zaure kowace shekara.

7. A kafa doka a shagon kuma a nemi iyayenmu sarakuna da masu unguwanni su yaɗa ta ga dillalan ƙarfe: ba ƙona waya, a feɗe ta da wuƙa, ba fasa batir, ba cin abinci sai an wanke hannu, ba sayen kaya daga hannun yaro sai an san inda ya samo, duk wanda ya kawo kaya a rubuta sunansa.

Game da kashi na uku, wato kayan tarihi, muna roƙon a ba shi muhimmanci. Kano tana da Gidan Makama, Sakkwato tana da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Mu ma muna iya fara wa da kusurwar ɗaki guda: sikelin awon auduga, da fitilar ma'aikatan jirgi, da rediyon farko da ya shigo unguwa, da garmaho, da keken ɗinki mai hannu, da dutsen guga na gawayi, kowanne da takarda mai bayanin wanda ya mallake shi da zamanin da ya yi aiki. Ƙasar da ta haifi 'Yandoto, wadda malamai suka riƙa nufa daga nesa don neman ilimi, da garin da Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa, bai kamata a ce tarihinsu na ƙarni guda ya tafi a bayan tirela ba. Abin da aka narka ya tafi ke nan.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, za a ce wutar lantarki ba ta wadata ba. Gaskiya ne. Amma gwada inji minti biyar ne, ƙaramin faifan sola ko awa guda ta janareta ya isa, sauran aikin duk na hannu ne da ido. Za a ce kuma abin ya yi ƙanƙanta a gaban matsalolin da ke damunmu. Mun yarda ba zai kawo ƙarshen ta'addanci ba, ba zai farfaɗo da masaƙa ba. Amma in kowane shago ya yaye yara goma a shekara, garuruwan uku sun fitar da talatin, kowannensu kuma gobe zai ɗauki nasa yaran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da bai koyi riƙon sukundireba ba kuwa, akwai masu jiran su koya masa riƙon wani abu dabam.

Ku 'yan uwanmu na birni, wannan karon ba kuɗi muka fi nema a wurinku ba. Abin da kuka riga kuka fid da rai da shi muke roƙo, tare da ɗan lokacin da za a ɗauka a ɗaure shi a sa a mota. In kun koma, a leƙa bayan ɗaki da ƙarƙashin matakala. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sun kuma ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Muna fata kafin taron baɗi sakataren ƙungiya zai miƙe a nan ya karanta mana adadin injinan da suka iso, da waɗanda suka tashi, da sunayen yaran da suka tayar da su.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, ya ji ƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.